Bakin Buhu Ya Yi Shaida

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin duba amfanin gona, tun daga auduga a Funtua har zuwa hatsi a Malumfashi, kuma in ban da ƙasa mai tsarki ban taɓa taka wata ƙasa da ba tamu ba. Sai da na yi ritaya, gwiwoyi suka fara ciwo, sannan na sami kaina tsaye a bakin titi cikin Jamhuriyar Nijar, wani jandarma yana jujjuya takardun shaidar aikina kamar yana neman inda aka ɓoye ma'anarsu. Na yi masa bayani da Turancin da aka koya mana da bulala, wanda na tsara rahotanni da shi tsawon rayuwata. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Elhaji, yi Hausa mana, mu ji."

Abin da ya fitar da ni daga gida shi ne Ishaya, ɗan marigayi Malam Bulus na Kafur. Ni da Bulus benci ɗaya muka zauna a makarantar elementare, kuma ranar da aka raɗa wa Ishaya suna ina cikin waɗanda suka ci shinkafa. Yaron ya girma ya zama direban babbar mota, yana ɗaukar masara daga kasuwar Bakori zuwa ƙetaren iyaka. A wata tafiya ya sauke kaya a siton wani attajiri a can, ciniki bai faɗa ba a kan buhu arba'in, aka ce ya juyo da su. Bai kai iyaka ba jandarmomi suka tsayar da shi, suka farke buhu huɗu, suka zaro bindigogi daga cikin masara.

Kafin mako ya zagayo, sunan Ishaya ya cika rediyo. Masu magana da yawun hukuma a can suka ce ga shaida, mutanenmu ne ke zuwa sayen makamai. Namu suka ce a'a, daga can ake turo mana bala'i. 'Yan adawa suka ce gwamnati ta san komai, masu mulki suka ce 'yan adawa ne ke ɗaukar nauyin abin. Kowa ya sami abin jifan abokin hamayyarsa, amma ban ji wanda ya tambayi yadda mota ke wuce shinge bayan shinge da irin wannan kaya ba. Mu kuwa a ƙasar Malumfashi maganar bindiga ba labarin rediyo ba ce. Ni kaina ina da gona ta wajen daji da na yi damina uku ban sa mata iri ba. Saboda haka mutane suka yi fushi da Ishaya, kuma ban ga laifinsu ba.

Mahaifiyarsa, Saratu, ta zo gidana ta durƙusa a zaure. Ta ce, "Alhaji, ko gaisuwata an daina amsawa. In ɗana ya aikata, ka je ka gani da idonka, ka zo ka gaya mini, in daina kuka a kansa. In bai aikata ba, ba ni da wanda zai tsaya masa sai kai."

Na je ofisoshi uku neman takardar da zan riƙe. A na farko aka ce maganar tsaro ce, sai daga sama. A na biyu aka ce mai sa hannu ya tafi taro. A na uku wani matashi ya ba ni shawara in koma gida in huta, tunda na tsufa. Na gode masa, na ɗauki jakata na kama hanya.

Garin da aka tsare Ishaya ba zan ambaci sunansa ba, domin akwai mutanen kirki a cikinsa da ba na so in jawo musu magana. Na isa tasharsa da la'asar, ƙafafuna sun kumbura. Ina saukowa wani mutum mai farin tabarau da biro uku a aljihu ya karɓi jakata tun kafin in miƙa masa. Ya ce sunansa Mushe Sani, wato Malam Sani a Faransancinsu, shi ne sakataren mai shari'a, kuma duk baƙon da ya zo da matsala ta hannunsa yake bi. Kwana biyu yana zagayawa da ni daga wannan gini zuwa wancan, ya shiga ya bar ni a inuwa, ya fito yana girgiza kai, ya ce, "Mai shari'a ya ji maganarka, Elhaji, gobe in sha Allah." Duk inda aka ajiye kwanon abinci, hannunsa ne farkon shiga. A rana ta uku ya ce doka ba ta yarda a shiga wurin mai shari'a da kaya ba, bari ya ajiye mini jakar a ofishinsa. Na zauna a ƙarƙashin wata bishiyar bedi tun hantsi har aka kira azahar. Da na tambayi mai gadin ƙofa, sai ya yi dariya har da buga cinya. Ashe Mushe Sani mai rubuta wa mutane wasiƙa ne a bakin gidan waya, kuma shi ma an kore shi daga can. Babbar rigata ta shadda da na tanada don ranar shari'a, da takardun yabo da na tara a wurin aiki, duk suka tafi tare da shi.

Ban san inda zan nufa ba, sai ƙafata ta kai ni kasuwar hatsi, domin ita ce kaɗai wurin da na tabbata zan gane abin da ake yi. Na yi salla a masallacinta, na zauna a bakin wata rumfa ina kallon wani dattijo yana ɗinke bakin buhun gero da basilla. Hannunsa na tafiya kamar ba ya kallon aikin. In ya kai ƙarshe sai ya ƙulla igiyar ledar a waje, ya ƙyasta ashana ya ƙona bakinta don kada ta warware. Na ce masa a wurinmu ba haka ake yi ba. Ya ɗago kai ya ce, "To, malamin ɗinki, daga ina?"

Sunansa Malam Isuhu. Da ya ji labarina sai ya tattara kayan aikinsa ya ce in biyo shi. A zaurensa na zauna har na bar garin. Ya ba ni riga, ko da yake hannunta bai kai mini wuyan hannu ba, ya kuma hana ni sayen ko da ruwan sha. Fura da tuwon gero ne abincin gidan, masu kyau kuwa, amma raina kullum yana wurin tuwon masara da miyar kuka na gidana. In na dubi rairayin da ya kewaye garin, sai in tuna yadda masara ke rufe mutum har kansa a hanyar Dayi cikin watan marka.

Malam Isuhu ne ya nuna mini gidan kaso da ranar da ake barin ziyara. Aka fito da Ishaya ya rame, gemu ya cika masa fuska. Da ya gan ni cikin rigar aro sai ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Ishaya, dube ni. Mahaifinka bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ka san abin da ke cikin buhunan nan?"

Ya ce, "Baba, na rantse da Allahn da ya yi ni ban sani ba. Sun ce direba ba ya shiga sito, in je in ci abinci. Da na dawo na tarar 'yan dako sun gama lodi, sun ja tamfol. Na ƙirga buhu arba'in, da alamar Bakori a jikinsu, na tayar da mota."

"Ba ka duba bakinsu ba?"

"Baba, wa ke duba bakin buhu?"

Na ce, "Ni."

Ya yi murmushi, na farko tun da aka fito da shi. Na bar wurin na yarda da shi a zuciyata, amma na san yardar tsoho baƙo ba ta buɗe ƙofar kaso.

Bayan kwana biyu aka yi shela cewa hukuma za ta nuna wa 'yan jarida kayan da aka kama. Muka tafi da Malam Isuhu, muka tsaya cikin jama'a a bayan igiya. Aka jera bindigogin a kan tabarma, wani babban jami'i yana ta jawabi da Faransanci, masu ɗaukar hoto na durƙusawa suna tashi. Kowa bindigogi yake kallo. Ni kuwa idona yana kan buhuna, domin abin da na yi rayuwata ina kallo ke nan. Jandarmomi ta gefe suka farke guda huɗun da wuƙa, bakinsu yana nan yadda aka ɗinke shi.

A nan ya kamata in yi wa mai karatu bayani. Maɗinkan Bakori suna cika buhun masara har ya tumbatsa, su ɗora masa wani yanki a kai da muke kira hula, su ɗinke kewaye, su bar kunne biyu don 'yan dako. In sun gama sai su yanke igiyar da wuƙa, su cusa ƙullin a ƙarƙashin hular yadda ba ya ganuwa. Ba mai kawo wuta kusa da hatsi a can, tsohuwar doka ce tun zamanin da auduga da masara ke kwana rumfa ɗaya. To, buhunan nan huɗu suna da hula, suna da kunnuwa, wanda ya sake ɗinke su ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen kwaikwayo. Amma a ƙarshen kowane ɗinki akwai ɗan baƙin dunƙule, inda aka ƙona bakin igiya. Hannunsa ya yi abin da ya saba tun yana yaro, bai ma san ya yi ba.

Na taɓa Malam Isuhu, na nuna masa da haɓa. Ya daɗe yana kallo. A hanyar gida ya ce, "Elhaji, wanga ɗinki na garinmu ne. Ba ni faɗin hannun wane ne, ina da iyali. Amma in an kira ni in ɗinka buhu gaban hukuma, sana'ata ce, ba mai hana ni."

Saura in sami mai shari'a. Ba ni da takarda, ba ni da wanda ya san ni. Abin da nake da shi shi ne haƙurin tsohon ma'aikaci, wanda ya san cewa kowane babba ta ƙofa yake shiga ofishinsa. Kullum da safe sai in je in tsaya a gefen matakala, in ya sauko daga mota in ce, "Barka da asuba, ranka ya daɗe," ba ƙari. A rana ta tara ya tsaya. Mutum ne da bai wuce sa'ar ɗana na biyu ba, mai ƙarancin magana.

Ya ce, "Baba, kullum kana gaishe ni, ba ka taɓa roƙona komai ba. Mi kake so?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, so nake ka ba ni rabin sa'a a gaban buhunan masarar nan. Ba zan taɓa bindiga ba, ba zan roƙi sassauci ga kowa ba."

Washegari da hantsi aka kai ni farfajiyar da aka tara kayan, ga mai shari'a, ga magatakardansa, ga shugaban jandarmomin da suka yi kamun. Buhu talatin da shida da ba a farke ba suna jibge a gefe. An ce an soka musu ƙarfe ba a ji komai ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shafa bakinsu, 'yan dako na juya mini. Da na gama na ware biyu, na ce, "A buɗe waɗannan, a zazzage su har ƙasa."

Shugaban jandarmomin ya yi tsaki, amma mai shari'a ya ɗaga masa hannu. Aka zazzage na farko. Masara ta zubo, sannan wani ƙunshi naɗe da tsumma ya faɗo daga can gindin buhun, cike da harsasai. Na biyu ma haka, har da ƙananan bindigogi biyu.

Sai shugaban jandarmomin ya matso ya tsaya a gabana. Ya ce, "Mai shari'a, wanga tsoho ya gama mana aiki. Ba mai sanin inda kaya suke sai wanda ya sa su. A haɗa shi da direban."

Na ji hannun wani a kafaɗata. Ba zan ɓoye ba, a take na tuna cewa ko iyalina ba su san takamaiman inda nake kwana ba. Amma na yi shekaru ina tsayawa gaban dillalan auduga masu zafin kai ina gaya musu kayansu bai kai daraja ta ɗaya ba, saboda haka na daidaita murya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin a tafi da ni, a sa mutumin nan ya duba ƙarshen ɗinkin buhu talatin da huɗun can, ya gaya maka ko ya ga ƙulli."

Mai shari'a bai aiki kowa ba, da kansa ya durƙusa da kwat ɗinsa. Ya duba biyar, ya duba goma. Ya ce, "Babu."

"To, a duba shidan nan."

Ya murza baƙin dunƙulen da yatsa, ya shinshina. Na yi masa bayanin dokar Bakori ta hana wuta. Na roƙa a kira kowane maɗinki daga kasuwar garin, a ba shi buhu, kada a gaya masa dalili. Aka aika, aka zo da uku, Malam Isuhu na cikinsu, bai ko dube ni ba. Kowannensu ya ɗinke nasa, ya ƙulla a waje, ya laluba aljihu ya fito da ashana. Da na ukun ya ƙyasta tasa, magatakarda ya kasa riƙe dariya.

Shugaban jandarmomin ya ce, "Ko da a nan aka ɗinka, direban na iya sa a yi masa."

Na ce, "Gaskiya ne, yallaɓai. Sai dai ga wata tambaya. Buhu cike yake zuwa daga Bakori. Wanda zai sa ƙarfe a ciki dole ya kwashe masara ya ba shi wuri. Ina masarar da aka kwashe? Ba ta cikin mota, kun bincike ta. Kuma dubi nan." Na ɗebi wadda aka zazzage na baza a tafin hannuna. Cikin farar masararmu mai manyan ƙwayoyi akwai wata ja-ja, ƙanana, irin wadda ake kawowa daga ƙasashen bakin teku. "Sun kwashe fiye da kima, sai suka cike da abin da ke kusa da hannunsu. Ba a noma wannan a ƙasar Katsina. A nemi siton da ake ajiye irinta, a duba ko ba a sami tamu zube a wani lungu ba."

Mai shari'a ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. Ya ce wa mai riƙe da kafaɗata, "Sake shi." Sannan ya yi magana da Faransanci, gajeriya, motoci biyu suka fita.

Ban bi su ba, ba a kuma gayyace ni ba. Abin da magatakarda ya gaya mini daga baya shi ne, a bayan siton attajirin an tarar da tarin farar masara an rufe da tabarma, ga ragowar igiya mai ƙonannen baki, ga jar masara buhu-buhu har rufi. 'Yan dakon da aka tambaya suka tabbatar an kori direban zuwa cin abinci kafin a fara lodi, kuma a can gaba, bayan an ƙetare iyaka, wasu ne za su tare motar su sauke buhu shida da sunan an sayar.

Duk da haka sai da Ishaya ya ƙara mako uku a kaso kafin takardu su kammala. Ranar da za a sake shi mai shari'a ya kira ni ofishinsa, ya sa aka kawo mini kujera.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Amma mai siton nan ba yau ya fara ba. Wa ke buɗe masa hanya, a nan da can wurinmu?"

Ya ce, "Baba, wanda ya ɗinka yana hannuna. Mai siton ma yana hannuna, yau dai. Abin da ka tambaya kuwa, na rubuta shi na aika sama. Kai ma tsohon ma'aikaci ne, ka san yadda takarda ke tahiya in ta hau sama."

Na sani. Shi ya sa nake rubuta wannan, domin tambayar tana nan ba a amsa ba, kuma waɗanda suka yi ta ihu da sunan Ishaya a rediyo, na can da na nan, babu ɗaya da ya buɗe baki ya ce an wanke shi. Na roƙi mai shari'a abu ɗaya, ya rubuta mini hukuncin da Hausa a ƙarƙashin Faransancin, ya buga hatimi. Ya yi haka da hannunsa.

Malam Isuhu ya raka mu har bakin gari. Na fara cire rigarsa zan mayar, ya ce in na cire ta to mun ɓata. Da ita na shigo Najeriya, a gaban babbar motar Ishaya, hannuwana a waje.

Mun isa Kafur ranar Lahadi ana fitowa daga coci. Saratu ta ga motar tun daga nesa, ta zauna a ƙasa inda take, ta kasa tashi, sai da ɗanta ya je ya ɗaga ta. Na karanta takardar a bakin cocin, na sake karanta ta a masallacinmu bayan Juma'a. Amma na san inda aka fi yi wa yaron shari'a, saboda haka ranar kasuwar Bakori na sa ya kai ni tsakiyar 'yan hatsi, na hau kan buhu duk da ciwon gwiwa, na karanta ta da ƙarfi tun daga sunan kotu har hatimi. Na kuma gaya wa maɗinka cewa ƙullin da suke cusawa ƙarƙashin hula ne ya fitar da mutum daga kaso a wata ƙasa. Suka dubi juna, wani ya ɗaga basillarsa sama kamar an ba shi sarauta.

'Yan kasuwa kowa na jiran wani ya fara. Can sai wani Alhaji mai manyan rumfuna, wanda aka ce ya rantse ba zai sake barin Ishaya ya taɓa kayansa ba, ya gyara hula ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Kai Ishaya, tsayuwar me kake yi? Ina da buhu ɗari a can, jawo motarka."

Ishaya ya ce, "To, Alhaji. Amma ba zan tafi cin abinci ba sai an ɗinke na ƙarshe a gabana."

Kasuwa ta kwashe da dariya, har da Alhajin. Na sauko daga kan buhun a hankali, na sami inuwa na zauna, ina kallon 'yan dako suna loda masa kaya.